Babur ɗin Malamin Gona

Mai gwangwan ya iso ƙofar gidanmu a Ƙaraye wata ranar Laraba bayan la'asar, da kurarsa da ma'auninsa mai ƙugiya. Muka shigo da shi filin bayan zaure. Ya sayi bakin garmar shanu da ya karye, ya sayi tukwane biyu da suka ɓule, ya sayi gawar wani injin ban-ruwa. Har ya ɗaure kayansa zai tafi, sai idonsa ya faɗa bayan rumbu, inda tsofaffin buhunan taki suka lulluɓe wani abu mai ƙaho biyu. Ya ɗaga buhu ɗaya, ya ƙwanƙwasa tanki da ɗan yatsa, ya leƙa injin, ya faɗi kuɗi. Shi ba babur yake gani ba, kilo yake gani: ƙarfe kaza, alminiyom kaza, jar wayar da ke cikin kwayil kaza. Inna ta yi magana daga cikin gida, ta ce a sallama masa, ko ba komai an rage wa kunamu da ɓeraye masauki. Baba yana zaure kan buzunsa, yana jin duk abin da ake yi. Bai ce a sayar ba, bai ce a bari ba. Carbinsa ne kawai ya daina motsi.

Mu uku ne maza a gidan. Babbanmu yana sayar da taki da maganin feshi a kasuwa, na tsakiya malamin firamare ne a ƙasar Rogo, ƙaramin kuwa a lokacin bai daɗe da gama karatu ba, yana zaman jiran aiki. Babu bakanike a cikinmu. Amma muka dubi juna, babbanmu ya ce wa mai gwangwan, "Malam, wannan ba na sayarwa ba ne." Mutumin ya yi dariya ya ce to na mene ne? Ba mu da amsa. Da ya tafi ne ƙaramin ya ce, tunda mun hana a sayar, ai sai mu tashe shi, in ba haka ba mun yi wa Inna rowar kuɗin cefane a banza.

Babur ɗin Yamaha ne, samfurin DT175. Baba ya karɓe shi bashi a 1984, ana cire kuɗin a albashi wata-wata, lokacin yana malamin gona. Shekarun nan ne hukumar KNARDA take sabuwa, kuɗin Bankin Duniya na shigowa, aka kawo tsarin da ya ce kowane malami yana da manomansa da zai riƙa kewayawa duk sati biyu, a rana sananniya, ya duba gonar gwaji, ya ji matsalarsu, ya koma wurin horo ya kai rahoto. Wannan aiki ba ya yiwuwa da Vespa, ba ya yiwuwa da ƙananan baburan da ma'aikata suka saya da kuɗin Udoji. Yana son abin hawan da ba ya tambayar ina hanya. Kamfanin Yamaha ya fara fito da jerin DT a 1968, kuma a Amurka da Turai abin wasan samari ne, su fita daji ranar hutu su yi tsalle-tsalle su dawo. A nan jakin aiki ya zama. Tayar gaba doguwa ce, inci 21, mai manyan haƙora. Madigadi yana can sama don kada taɓo ya cushe shi. Salansa ta hau sama ta bi gefen sirdi don a tsallake rafi ruwa bai shiga ba. Duka-duka nauyinsa bai wuce buhun masara guda da ɗan ɗoriya ba. In ya faɗi a yashi, mutum ɗaya ya ishe shi.

Abin da muka fi riƙewa daga yarinta shi ne kukansa. Ba irin gurnanin baburan yanzu ba ne. Wani siririn ƙara ne mai kaifi, kamar ana yayyaga sabon yadi, in kuma aka saki totur sai ya koma tan-tan-tan, kamar ana buga gwangwani da tsinke. Tun Baba yana bayan gari muke jinsa. Inna ta ɗora ruwan wanka, mu kuma mu tattara abin da muka ɓata. Mutanen ƙauyukan da yake zuwa su ma sun san kukan. Manomi yana cikin dawarsa, bai ga kowa ba, zai rataya fartanya ya nufi gindin bishiyar da ake haɗuwa. Yara su bi shi a guje suna shaƙar shuɗin hayaƙin da yake bari, wanda har yau in muka ji ƙamshinsa sai mu tuna da rigar Baba.

Ba rana ɗaya ya mutu ba. Bayan 1986 naira ta fara zubewa, kayan gyara na Japan suka fi ƙarfin albashin malamin gona. Aka riƙa yi masa dabara, a ɗaura wannan a liƙa wancan. Daga baya Jincheng ya cika gari da araha, bayansa Boxer ya zo, mai shan mai kamar ana ɗiga masa da cokali. Baba ya yi ritaya. Wata damina injin ya ƙame a hanyar gona, aka turo shi gida, aka jingine shi bayan rumbu da niyyar sai an sayar da gyaɗa. Aka sayar da gyaɗa sau ashirin.

Da muka ja shi tsakar fili muka yaye buhunan, sai da jikinmu ya yi sanyi. Ɓeraye sun yi sheƙa a gidan iska, sun cinye soson tas. Zanzaro ya gina ɗakuna a bakin salansa. Cikin tanki ja wur da tsatsa, kiki kuwa ko an hau shi da ƙafa biyu ba ya motsi. Muka kai shi gareji uku, samarin da ke wurin suka kewaye shi suna ɗaukar hoto da waya, kowa kuma maganarsa ɗaya: ku haɗa kuɗin ku sayi Boxer na hannu. Ba mu ga laifinsu ba. Sun tashi ne a zamanin da gyara yake nufin cire tsoho a sa sabo, kuma babu shagon da ke da sabon wannan. Wani mai faci ne ya ce mu je wajen wani dattijo da ya bar sana'ar ya koma gyaran injin niƙa da na ban-ruwa.

Mun same shi a rumfarsa yana wanke kafireta a cikin gwangwanin madara. Ya daɗe yana kallon babur ɗin kafin ya amsa gaisuwarmu yadda ya kamata. Ya shafa lambar da ke jikin wuyansa, ya ce, "Na malamin gona ne wannan. Yana raye?" Muka ce yana raye, idanu ne dai suka yi rauni. Ya ce zai taimaka, amma da sharaɗi: shi ba zai taɓa sufana ba. Mu za mu kwance, mu za mu ɗaure, shi nasa baki. "In na gyara muku, ranar da ya tsaya muku a daji wa za ku kira? Ni na kusa tafiya."

Darasin farko a ƙasa ya zana mana shi da tsinke. Injin irin na Boxer, in ji shi, kamar mai gida ne mai tsari: ya ja numfashi, ya matse, ya ƙona, ya fitar, fistin ya hau sau biyu ya sauka sau biyu kafin wuta ɗaya, kuma yana da bawul masu buɗewa da rufewa, baƙin mansa yana kwance a ƙasa yana zagayawa. Wannan kuwa mai bugu biyu ne. Duk sanda fistin ya hau, wuta ce. Ba shi da bawul a ka. Ramuka ne a jikin bulok, fistin ɗin da kansa ne ƙofa, in ya sauka ya buɗe, in ya hau ya rufe. Fetur da iska ba kai tsaye suke shiga ɗakin wuta ba, sai sun fara bi ta ƙarƙashin fistin, ta cikin ɗakin karanshaf. Shi ya sa ba a iya ajiye baƙin mai a can ƙasa: dole man shafawar ya bi fetur, ya shafi boris da jikin bulok a kan hanyarsa, sannan ya ƙone tare da shi. Hayaƙin nan da muke so, man ne yake ƙonewa. "Ranar da kuka ga babu hayaƙi ko kaɗan," ya ce, "ku kashe shi ku sauka, mutuwa yake shirin yi."

Kwana tara muka yi muna zuba kananzir da man birki ta ramin fulogi kafin fistin ya yarda. A rana ta goma muka cire kan injin, muka ɗora guntun taɓarya a kan fistin muka riƙa bugawa a hankali, dattijon yana cewa a hankali, ba sakwara kuke daka ba. Da ya motsa, ƙaramin ya yi kabbara kamar an ga wata. Tanki kuwa tsakuwa muka zuba masa da kananzir, muka riƙa girgizawa muna karɓa-karɓa har kafaɗunmu suka yi tsami. Salansa ta toshe da baƙin dasƙararren mai na shekaru, muka haɗa wutar kara a bayan gida muka jefa ta ciki, ta yi ta aman hayaƙi mai wari har maƙwabta suka aiko a ji ko lafiya. Soson gidan iska daga tsohuwar katifa muka yanko shi, muka jiƙa da mai muka matse.

Wahalar gaske ita ce fistin. Faɗin na DT175 milimita 66 ne, na ƙanensa DT125 kuwa 56, kuma bulok ɗinmu ya ci rauni, sai an rarake shi an sa wanda ya ɗara na asali kaɗan. Babbanmu ya shiga Kano sau uku. Ya bi Ƙofar Ruwa layi-layi, ya bi shagunan Sabon Gari, aka yi ta aika shi daga wannan zuwa wancan. Sau ɗaya ya dawo da fistin a kwali mai tambari, dattijon ya ɗora shi a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da ƙusa ya saurara, ya ce a mayar, wannan da tukunyar miya uwarsu ɗaya. A ƙarshe a Panteka ta Kaduna aka samu, a ƙasan wani akwati, cikin takarda mai maiƙo da ta fi ƙaraminmu shekaru. Garin neman ƙananan kaya kuma muka ji labarin gawarwakin DT125 guda biyu a wani gida can wajen iyakar Makarfi, ɗaya kaji na kwana a kanta. Muka saye su don mu ciri kaya, sai muka ga in an haɗa biyun za a sami guda mai rai. Haka kwaɗayi yake shiga. Muka tashi da niyyar gyara babur ɗaya, wata bakwai bayan haka muna da biyu, ga wani tsohon Jincheng da na tsakiya ya sa wa tayoyi masu haƙora don kada a bar shi a baya.

Ranar da za a tashe shi, a ƙofar gida muka yi, da gangan. Bugu na farko shiru, na biyar shiru. Wajen na goma sha wani abu ya yi tari, ya yi atishawa ta kafireta, sannan ya kama. Hayaƙi ya turnuƙe layin, yara suka fito, awaki suka watse. Mu kuwa zaure muke kallo. Baba bai taso ba. Ya karkata kai gefe guda, kamar mai sauraron karatun ɗalibi, can sai ya ɗaga murya ya ce, "Silo ɗinsa ya yi sama. Ku mayar da sukurun iska ciki har ya tsaya, ku dawo da shi zagaye ɗaya da rabi." Muka yi. Kukan ya sauka ya zauna daidai inda muka san shi shekara talatin da suka wuce. Inna, wadda ta ce a sayar, ita ce ta aiko da kunu ba a tambaye ta ba.

Sati uku kacal muka yi muka kashe shi da hannunmu. Irin waɗannan baburan suna da ɗan famfo da ke auna mai daga wani ƙaramin tanki yana tura wa injin gwargwadon totur, dabarar da Yamaha ta fito da ita tun 1964 don a huta da gauraya mai a tanki. Namu famfon ya gaji, muka cire shi muka koma gaurayawa da hannu. Ƙaraminmu ya karanto a intanet cewa kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur ya isa. Abin da bai lura ba shi ne masu wannan magana da wane irin mai suke yi. Mu kuwa man tu-ti ya ƙare mana a hanya, muka sayi baƙin mai na kwalba a bakin titi. Muna cikin gudu a wani miƙaƙƙen burtali sai injin ya yi wani ƙara kamar an shaƙe zakara, tayar baya ta ƙame ta ja layi a ƙasa. Allah ya sa babbanmu ya damƙe kuloci da wuri.

Dattijon bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo ya yi. Ya sa muka cire fulogi, ya miƙa wa ƙaramin ya ce, "Karanta min, tunda kai ne mai karatu." Bakin fulogin fari fat kamar toka. Ya ce fulogi wasiƙa ce daga cikin injin. In ya fito fari, injin yana cewa yunwa nake ji, zafi zai kashe ni. In ya fito baƙi yana naso, ya ƙoshi har ya gaji. Abin da ake nema launin ƙuli-ƙuli. Ya ƙara da cewa saitin damina ba shi ne na hunturu ba, don iskar sanyi ta fi nauyi, tana son ƙarin fetur. Sa'armu ɗaya, fistin bai narke ba, ya dai shafa alminiyom a jikin bulok. Muka goge da samfefa mai laushi, muka sake ringi. Tun daga ranar, sirinji muke yawo da shi: mililita 30 na tu-ti a kowace lita, ba ƙari ba ragi.

Hawan irin wannan babur sai an koya, ko da mutum ya shekara ashirin a kan Boxer. A ƙasa-ƙasa ba shi da wani ƙarfi, kamar mai jin barci. Amma in juyin injin ya kai wani wuri sai ya farka gaba ɗaya, ya fizge ka, gaba ya nemi ɗagawa. In ka saki totur kuma ba ya riƙe kansa kamar mai bugu huɗu, sai ya ci gaba da sulalewa, birki ne kaɗai abokinka. A yashi ba a zama. Tsaye ake yi a kan matakai, a mayar da nauyi baya, a bar kan ya yi rawarsa, kuma duk tsoron da ka ji kada ka rage wuta, don ragewar ce ke kayarwa. Mun sha ƙasa kafin mu yarda da wannan. Muka riƙa fita ranar Asabar da sassafe, mu bi ta Turawa mu gangara bakin ruwan Challawa, ko mu nausa kudu ƙasar Rogo, ta cikin gonakin rake inda hanya takan zama rami tsakanin bango biyu kore, ƙamshin mazarƙwaila yana tasowa daga inda ake dafa ta. Baba ya riƙa lissafa mana garuruwan da yake kewayawa a da, da ranar kowanne, na tsakiya yana rubutawa a bayan littafin darasi. Muka ƙudura sai mun taka su duka. Wasu ba za su taku ba: tun da aka gama madatsar Challawa a 1992, hanyoyinsu suna ƙarƙashin ruwa, mutanensu sun tashi.

Kada mu yi kamar abin ba shi da aibi. Tafiyar da Boxer zai yi da lita ɗaya, namu sai ya sha kusan biyu, ga kuɗin tu-ti a kai. Mun fara aikin fetur yana ƙasa da naira 200. Aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, ya haura 500, kafin ƙarshen 2024 ya wuce 1,000. Matan gidanmu sun iya lissafi, kuma sun yi mana shi. Hayaƙin da muke wa kirari kuwa, wani ɓangarensa ɗanyen fetur ne da ya bi ta ramin fita bai ƙone ba, shi ya sa ƙasashe da yawa suka matsa wa irin waɗannan injina da dokoki har suka ɓace daga titunansu. Inna tana tari in an tashe shi kusa da ɗakinta. Duk wannan mun sani, mun kuma ci gaba. Abin da ba mu lissafa ba daban ne.

Wata Asabar ce cikin hunturu. Muka nufi wani ƙauye da ke cikin jerin Baba, can gefen da ƙasar Rogo take haɗuwa da ta Katsina. Ƙura ta yi yawa, kowannenmu ya naɗe fuska da rawani, ido kawai a waje. Mun ɓata hanya sau biyu, don haka ba mu isa ba sai da rana ta yi sanyi. Babura uku, a jere, a guje, daga cikin daji, ba ta hanyar da baƙi suke shigowa ba. Mu a ranmu muna cewa yau tsofaffin garin nan za su ji kukan da suka manta.

Mata ne a bakin rijiya suka fara ganinmu. Guga ya koma cikin rijiya da igiyarsa. Muka ji kururuwa, muka ga yara suna faɗawa cikin karan dawa, wata tsohuwa tana jan jikanta a ƙasa. Kafin mu gane abin da ke faruwa mu kashe injina, samari sun fito ta bayan danga da gora da adduna, biyu da bindigar toka. Aka ce mu kwanta. Muka kwanta, fuska a ƙasa, injin DT yana ƙas-ƙas yana hucewa kusa da kunnen babbanmu. Ba mu san minti nawa muka yi ba. Abin da ya cece mu shi ne katin aikin na tsakiya, da wani malamin makarantar yankin da aka kira a waya ya ce ya san shi.

Mun san labarin duk da ya sa suka gudu; a rediyo muke jinsa kullum. Mun san tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, aka hana acaɓa a birnin Kano. Mun san a 2021 gwamnatin Katsina ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawa uku a babur, ta hana cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanchi, duk saboda 'yan bindigar da ke shiga garuruwa a kan babura. Mun sani sarai. Kawai ba mu taɓa sa kanmu a cikin hoton ba, don a kunnenmu wannan kukan Baba ne yake dawowa daga aiki. Ƙaraminmu ya so ya yi bayani daga baya cewa ai ɓarayin daji ba irin wannan babur suke hawa ba, kukan ma ba ɗaya ba ne. Babbanmu ya taka masa ƙafa. Wadda ta tsinci ɗanta ta ruga ba ta tsaya tantance bugu biyu da bugu huɗu ba.

Aka kai mu gaban mai unguwa. Dattijo ne, ya girmi Baba. Muka durƙusa muka ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure." Ya sa aka turo babur ɗin gabansa, ya haska shi da tocila, ya tambayi sunan mahaifinmu. Da muka faɗa sai ya yi shiru, sannan ya ce ya tuna shi: dogo, mai littafi a aljihun gaba, wanda ya kawo musu irin masarar da ke nuna da wuri, ya kuma yi musu alkawarin takin da bai iso ba sai da aka yi girbi. Aka yi 'yar dariya, mu ma muka samu muka yi numfashi. Sai ya ce, "Amma shi a bakin gari yake kashe mashin ɗinsa. Turo shi yake yi har nan." Daga nan ya sa aka kawo wata yarinya, ba ta fi shekara bakwai ba. Garin gudu ta faɗi a kan turmi, hannunta na hagu ya karye. Ba ta kuka lokacin, kallonmu kawai take yi. Mun biya mai ɗori, mun koma duba ta sau biyu da ɗan abin da ya sawwaƙa, hannun kuma ya ɗoru. Har yau in ta ga mun shigo garin, bayan uwarta take komawa.

Da muka ba Baba labari, ya daɗe bai yi magana ba. Sannan ya ce shi ba don tsoro yake kashewa a bakin gari ba, a lokacinsu babu wannan. Akwai masu salla, akwai marasa lafiya, akwai dabbobi a ɗaure, kuma baƙo ba ya shiga garin mutane da hayaniya ko da gwamnati ce ta aiko shi. "Na ɗauka kun sani," ya ce. Ba mu sani ba. Mu ƙarar isowarsa gida kawai muka sani. Ba mu taɓa bin sa wurin aiki ba.

Yanzu ba ma fita mu uku tare sai a hanyoyin da aka san mu. In za mu sabon wuri, tun ana gobe muke neman lambar mai unguwa ko wani malamin makaranta mu sanar. Ba ma rufe fuska, ƙurar muke sha. Ba ma kaiwa la'asar a daji. In mun hango rufin gari, sai mu kashe mu sauka mu tura, kuma tura babur a yashi da rana tsaka ba abin da mutum zai yi wa sha'awa ba ne. Jerin Baba saura garuruwa shida. Biyu daga ciki an ce mana kada mu je ko da sanarwa, mun kuma ji.

Dattijon bakanike ya rasu da azumin bara. Akwatin sufanunsa 'ya'yansa sun sayar wa mai gwangwan kafin mu ji labari.

Bayan salla ƙarama Baba ya ce yana son a kai shi bakin ruwa. Inna ta hana, ya yi kamar bai ji ba. Babbanmu ya goya shi a DT, muka bi su a baya a hankali, ya riƙe kafaɗar ɗansa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan ƙarfen bayan sirdi inda ya saba ɗaure jakarsa. A wani tudu da ke kallon ruwan Challawa ya ce a tsaya. Ba ya ganin komai sai haske, amma ya nuna da sandarsa wajen da masunta suke jan koma, ya ce a can akwai wata tsamiya, a gindinta yake zama da manoman ranar Talata, hanyar kuma ta bi ta hagunta ta gangara rafi. Muka kalli wurin. Ruwa ne kawai, da kwalekwale biyu.

Da muka tashi komawa, babur ya ƙi tashi. Tafiyar hawainiyar da muka yi ta sa mai ya taru ya jiƙa fulogi. Babbanmu ya yi ta bugu har gumi ya keto masa. Baba ya miƙo hannu ya ce a ciro masa. Ya shinshina fulogin, ya goge bakinsa da gefen babbar rigarsa ta salla, ya karce tsakanin da farcen babban yatsa, ya hura sau biyu, ya miƙo.

"Ku rufe mai, ku buɗe totur duka, ku buga sau biyar kafin ku mayar da shi," ya ce. "Kuma wannan karon a bar ni in riƙe kan, kai ka zauna a baya ka riƙa faɗa min hanya."